Takalman Cika-ciki da Turmin Zuliha

Iya Gana, ki cece ni. Na hau raƙumin da ban san yadda ake durƙusar da shi ba. Mutanen Birnin Damagaram sai tafi suke mini, ni kuwa ina bisa ina murmushin dole. Ina gaishe ki gaisuwar miji ga tsohuwar matarsa, ko da yake ba ki taɓa ganina ba, kuma na san ranar da kika gan ni sai kin ce kin yi dace. Ki yi haƙuri da rubutuna. Ban shiga lakwal, makarantar boko, ba, allo na yi, shi ma malam ya fi sanin bayana da fuskata. Mai karanta miki takardun mutane ya bi a hankali, in ya ga tawada ta yi tsalle, dariya ce ta kama ni.

Na zo gare ki ne don duk Jumma'ar da aka karanta amsoshinki a zauren unguwarmu, tsofaffi sukan ce shekara talatin kika yi kina dillancin kayan gida, babu zane ko tasa da za su yi miki ƙarya. To, ni ma yau haka ake faɗi a kaina. Bambancinmu ɗaya ne: naki gaskiya ne.

Ga yadda aka yi. Ina da taubashi, Suma'ila, ɗan Gwaggo Tani ƙanwar babana, wadda take aure a Gaffati. Tun muna yara ni da shi ba a raba mu da tsiya. Na taɓa sa masa kwaɗo a hula, ya taɓa ɗaure mini wando a reshen kurna ina wanka. Bana da ya sayar da gyaɗarsa, sai ya tsaya wurin wani baƙon ɗan tireda a kasuwa ya sayi takalma irin na kanti, ƙafa-ciki, baƙaƙe, masu ƙyalli kamar an shafa musu man shanu, in ya taka sai su yi ƙiƙi-ƙiƙi. Ranar Cika-ciki, da dangi suka taru a gidan kakanmu marigayi, ya shigo yana taka ƙasa kamar kumandan Nasara ya zo duba bariki. Ko gaisuwa ba ya gamawa sai ya dubi ƙafarsa.

Kin san al'ada. Ranar nan abin da taubashi ya ɗauke wa taubashi babu fushi a kansa, babu kai ƙara, sai dai a ba da shara a fanshe shi. Da ya tuɓe su a bakin zaure zai shiga gaida manya, sai na yi wuf da su. A madadinsu na ajiye masa faɗen kakanmu da ke rataye a bango tun kafin a haife ni, wasu shimfiɗa-shimfiɗan takalma na ƙirgin sa, masu faɗi, sun yi baƙi sun bushe, waɗanda mu yaran gidan muke kira kunnen giwa. Da ya fito ya gan su, sai da gidan ya kusa rushewa don dariya. Na ce ya kawo shara ya karɓi kayansa. Girman kai ya hana shi. Wai ba zai fanshi abinsa a gaban mata ba, Alhamis yana dawowa kasuwa, zan gani. Ya zura kunnen giwa ya kama hanyar Gaffati, yara suna binsa har ƙofar gari suna tambaya ko ya sayar musu da faifai ɗaya.

Alhamis ba ta zo masa ba. Washegari gardin kumandan, wato dakarunsa, suka sauka Gaffati, aka tara maza goma sha biyu na ɗaukar kayan Nasara zuwa Gure da gaba da Gure, har da Suma'ila. Ko gida bai koma ya sake shiri ba, da kunnen giwa ya tafi.

Iya, a nan dariyata ta tsaya. Kwana arba'in da wani abu ban ji daɗin tuwo ba. Na tura ɗan'uwana hanyar ƙaya da tsidau da rairayi mai zafi, da akwati a ka, da tsohuwar fata a ƙafa. Gwaggo Tani ba ta ce mini komai ba, kuma da ma ta zage ni da ya fi. Amma ki ji hali irin nawa: duk da haka ban fasa saka takalman ba. Na ce tunda an riga an yi zunubin, bari a ci moriyarsa. Kwana shida na yi ina ƙiƙi-ƙiƙi a unguwar Zango, ƴanmata suna kallo. Rana ta bakwai na bi ta bakin rijiya na taka caɓi, ban kai gida ba sai ga ƙasan takalmin dama ya buɗe baki kamar tarwaɗa. Na duba ciki. Wallahi takarda ce aka danne, aka lulluɓe ta da fata mai kaurin ɓawon albasa, aka shafa baƙi. Babu ɗinki ko ɗaya, danƙo ne kawai. Na hagu ya bi ɗan'uwansa kafin la'asar. Na tusa gawarsu a bayan randa, na shiga tunanin inda zan gudu in Suma'ila ya dawo: na sa shi wahala, na kuma kashe masa takalma.

Ranar da suka dawo ina zaune a zaure aka ce ga shi nan. Na dubi katanga, ta yi tsawo. Ya shigo ya rame, ya yi baƙi, amma yana taka ƙasa da ƙafafunsa biyu garau, kunnen giwa suna nan a ƙarƙashinsa ko gezau. Na rufe ido ina jiran mari. Sai na ji an rungume ni har haƙarƙarina ya yi ƙara.

Ashe mutum huɗu cikinsu takalman baƙon nan suka saya, irin nasa. Kafin su kai Gidimuni duk sun zama tsumma. Da tsummoki suka naɗe ƙafa, ɗayansu har yau yana kwance ana masa magani. Waɗanda suka tafi da silifan fata na banza su ma sun sha ƙaya. Shi kuwa faɗin kunnen giwa ya hana shi nutsewa a rairayi, kaurinsu ya hana ƙaya shiga. Sau ɗaya hancin takalmin dama ya tsinke, ya yanki ƴar fata daga igiyar salkarsa ya zura ya ƙulla, ya ci gaba da tafiya. Gwaggo Tani, wadda ta biyo shi daga Gaffati, ta rangaɗa guɗa a tsakar gida. Wani dattijo ya tambaye ni yadda aka yi na sani.

To nan ne Shaiɗan ya ba ni aron bakinsa. Na gyara zama na ce ai tun da ya shigo na sansano su, hancina ya gaya mini babu fata a ciki, shi ya sa na raba shi da su. Na jawo gawar daga bayan randa na baje a gaban jama'a, na ɓare takardar kowa ya gani. Iya, da kin ga fuskokinsu! Ni da ake cewa ba zan taɓa zama mutum ba, ranar nan babana ya miƙo mini goro da hannunsa.

Tun daga nan sunana Hancin Birni. Ba na zuwa kasuwa ni kaɗai, janye ni ake yi. Wannan ya ce in duba masa riga, waccan ta ce in duba mata ƙwarya. Ni kuwa in ɗauki abu in kai hanci, in rufe ido ɗaya, in ƙwanƙwasa, in yi tsaki ko in gyaɗa kai. Masu kaya suna ganina suna gyara tsayuwa. Baƙon ɗan tiredan nan kasuwa biyu ya ƙara ci, yara suna bin rumfarsa suna sansana iska, ya naɗe tabarmarsa ya bar gari. Wannan kam ban yi nadamarsa ba. Na kuma bincika aka ce mini Baba Alkasum badukku ne ya ɗinka wa kakanmu kunnen giwa tun yana saurayi. Na same shi a rumfarsa ya tsufa, yana korar ƙuda, kowa ya koma kanti. Yanzu duk wanda ya ce takalmi, wurinsa nake tura shi, har ya ɗauko ɗansa daga gona suna aiki tare ba sa gamawa. In na wuce yakan ɗaga basilla ya gaishe ni, yana wani murmushi da ban gane masa ba.

Asirina kuwa ɗaya ne tak: cikin kaya in zaɓi wanda ya fi muni, ya fi nauyi, tunda haka kunnen giwa suke. Yawanci Allah yana rufa mini asiri. Amma akwai maƙwabciyarmu Indo, na zaɓa mata wata tukunya mai kauri kamar ganuwa, girki na uku ta rabe biyu, miya ta kashe wuta. Na ce ai wutarta ce ta yi yawa. Ta yarda, har ta ba ni haƙuri. Wannan haƙurin nata har yau yana damuna.

Ga abin da ya kawo ni. Zuliha, ƙanwar Suma'ila, za ta yi aure a Zermu bayan sati uku, wurin wanda ta daɗe tana so. Gwaggo Tani ta sayar da bijiminta, shi ke nan gare ta, shekara uku tana kiwonsa don wannan rana. Ta rantse ba mai zaɓen ko ludayi sai ni: turmi da taɓarya, tukwane, randa, tabarmi, zannuwa, gwado, takalman amarya. Wai hancin da ya ceci ƙafar ɗanta shi zai cika ɗakin ƴarta. Alhamis ta sama za mu shiga kasuwa. Babu bijimi na biyu, Iya. In kayan suka watse kafin shekara, Zuliha ce za ta zauna cikin dangin miji da fasasshen turmi, tana aron tukunya. Ita ma taubashiyata ce, bakinta ya fi nawa kaifi. Jiya ta dube ni ta gefen ido ta ce in turminta ya tsage, da kaina za ta riƙa daka, tunda ta ji an ce icen da ba komai a cikinsa ya fi amo.

To, in faɗa wa Gwaggo gaskiya, in koma ɗan iskan da babana ba ya ba goro? Ko in ci gaba da sansanawa, ke kuma ki raɗa mini sirrin turmi da zane a asirce, ya zama tsakanin miji da mata? Na fi son na biyu, ba zan ɓoye miki ba. Suna yana da daɗi.

Mijinki na gobe,
Hancin da Ba Ya Jin Wari, Birni.

*

Wushe, sannu, maigidana. Na karɓi gaisuwa, amma auren sai na ga turmin da ka zaɓo.

Mai karanta mini takardu ya tsaya sau uku don dariya, ni sau huɗu. Bari in fara da ba ka abin da yake naka, don ka yi nasara, kuma ba duka ce ta sa'a ba. Da takalman suka mutu ba ka jefar ba, ka buɗe ka duba cikinsu. Mutum goma ba su yi haka ba. Ka nemi wanda ya ɗinka na kirki, ka mai da masa kasuwarsa. Ka kori mai sayar wa talakawa takarda da sunan fata. Ka kuma ji nauyin tukunyar Indo alhali ba wanda ya kama ka. Wanda yake da waɗannan huɗu ya kama hanyar sanin kaya. Abin da ya ceci ƙafar Suma'ila kuwa, ikon Allah ne da basillar Alkasum. Murmushin da yake maka ke nan. Ya sani, ya yi shiru, don shi dattijo ne.

Na auna maganarka ta fuska biyu. Ban ce ka hau dutsen Birni ka yi shela cewa kai maƙaryaci ne ba. Wasan hancin nan ya sa mutane sun fara juya kaya kafin su saya, ya sa masu ha'inci suna tsoro, ba na son ya mutu. Amma Gwaggonka dabam ce. Ita kiwon shekara uku za ta ɗora a kan maganarka, kuma ba ya halatta ta ɗora shi a kan abin da ka san babu. Sai ta ji kafin Alhamis. Ta ƙofar da ka shiga za ka fita: ka fara da taubasanka. Tsakaninku babu maganar da ta fi ƙarfin dariya. Ka zaunar da Suma'ila da Zuliha ka ba su labarin tarwaɗar nan kamar yadda ka ba ni, sa'an nan ku shiga wurin Gwaggo ku uku. Kada ka yi mamaki in Zuliha ba ta yi mamaki ba. Yarinyar da ta yi maka zancen icen da ba komai a cikinsa ta daɗe da karanta allonka. Gwaggo za ta zage ka, ka ce da ma zagin kake nema. Ɗanta dai ya dawo da ƙafafunsa, wannan ba ƙarya ba ce. Kafin nan, ka sayo wa Indo tukunya da guminka, ka gaya mata wutarta ba ta da laifi.

Yanzu sirrin da ka roƙa. Ba sirri ba ne, shi ya sa ba a sayar da shi. Muni da nauyi ba su ne ƙarko ba. Tukunyar Indo kaurinta ne ya kashe ta, wuta ba ta ratsa ta ba wurin gashi. Tukunya da randa, ka ƙwanƙwasa da bayan yatsa: mai kyau takan amsa da amo siriri mai tsawo, marar kyau ta yi buf kamar an bugi kabewa. Matan Mirya masu ginin tukwane, na gaskiyarsu, ba sa hana ka zuba ruwa ka jira ka gani. Turmi, ka nemi na ƙirya wanda ya shekara da sassaƙa. Ka kifa shi ka dubi gindi, ka bi shi da farce, don akan cike tsaga da laka a shafe da mai. Ɗanyen ice yana da nauyi da sanyi a hannu, shi ne zai ruɗe ka, kuma shi ne mai tsagewa da bazara.

Zane na kanti, ka jiƙa gefensa da yawu ka murza tsakanin yatsu. In farin gari ya zubo, ka ɗaga ka hango rana ta ciki, to ƙullu aka sayar maka, wanki ɗaya zai bar ta da gidan sauro. Saƙi da gwado, ka ja su ta faɗi ka dubi inda aka haɗa ƙwaryar saƙa da ƴar'uwarta da ɗinki, a nan suke fara mutuwa. Tabarma, ka dubi bakinta, ka naɗe ka ji ko kabar tana karyewa. A nan kaɗai hancinka yake da aiki: in ka ji warin ruma, ajiye. Takalmi kuwa ka riga ka sha karatunsa. Ka lanƙwasa, ka ga ɗinki ya fita ta ƙasa, ka tambayi kanka: in ya tsinke a daji, zai ɗauru? Kunnen giwa ma sun tsinke, ka tuna. Abin da ya raba su da na baƙon shi ne sun karɓi gyara. Abin da ba ya gyaruwa, ko kyauta ne yana da tsada.

Kada kuma ka ɗauka duk na kanti banza ne, duk na gida zinariya. Na ga tasar kanti da ta aurar da uwa da ƴa, na ga saƙin gida da bai kai salla ba. Mai sayarwa ba zai gaya maka ba. Mai gyara za ka tambaya, shi ne yake ganin inda kaya suke ciwo. Kana da kwanaki: ka yini ɗaya a rumfar Alkasum, ɗaya wurin maɗinki, ɗaya wurin masassaƙi, ka rufe baki ka buɗe ido. Na san rufe bakin ne zai fi ba ka wuya. Ku sayi kaɗan masu kyau. Ɗakin da aka cika don idon ƴan kallo, amarya ce take zama da shi bayan sun watse.

Abu na ƙarshe, kuma shi ne babba. Gwaggonka shekara arba'in tana daka, tana girki, tana wanki. Hannunta ya san turmi fiye da hancin duk Damagaram, guɗar ranar nan ce ta mantar da ita. Ranar Alhamis kada a biya komai sai ta taɓa, sai Zuliha ta ɗaga taɓaryar ta ji ta dace da kafaɗarta. Kai ka tsaya a gaba ka yi ta sansanawa kana tsaki, masu kaya su tsorata su fito da na ƙasan rumfa. Wannan aikin ba wanda ya iya shi kamarka.

Kunnen giwa a mai da su bango, sun gama nasu. Allah ya sa albarka a ɗakin Zuliha, ya ba mai jinyar Gaffati lafiya, ya bar maka dariyarka. In turmin nan ya kai ranar da za a daka hatsin sunan jikarta, ka tashi a gaban jama'a ka ce hancinka ne. Ranar nan ba ƙarya ka yi ba.

Iya Gana